Yadda ake goyon yaro lafiya, daga kwanakin jego har ya fara tafiya

Ranar da na fara goya ɗiyata ta fari, Inna ce ta tsaya a bayana. Ina sunkuye, ita tana tallabe da kan jaririyar a tafin hannunta. Sai da ta juya mata fuska gefe guda, ta sa yatsa ƙarƙashin haɓarta ta ɗaga kaɗan, sannan ta ce, "To, ja zanin." Daga baya ne na gane cewa wannan yatsan shi ne rabin goyo.

Zani da majanyi da muka gada, da jakar goyo ta zamani da ake sayarwa a kanti, kowanne yana da kyau a hannun wadda ta iya. Inda ake samun matsala shi ne a goya ɗan wata ɗaya yadda ake goya ɗan wata tara. Wuyan yaro da bayansa da nauyinsa suna sauyawa, dole goyon ya riƙa bin su.

Fara da numfashi

Jaririn da bai kai wata huɗu ba, kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Idan ya lanƙwashe har haɓarsa ta kwanta a ƙirjinsa, hanyar iska tana matsewa. Abin tsoron shi ne ba lallai ya yi kuka ba, shiru zai yi, uwa ta ɗauka barci ne ya yi daɗi.

A 2010 hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta yi gargaɗi kan mutuwar jarirai 14 cikin shekara 20 a abin goyo na ratayawa, 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. A watan Maris na wannan shekara kamfanin Infantino, mai yin irin wannan abin goyo, ya janye kimanin guda miliyan ɗaya daga kasuwa. Siffarsa kamar jaka ce mai zurfi da ake ratayawa a kafaɗa ɗaya, yaro ya kwanta ciki a naɗe, bakinta ya rufe masa fuska. Na kawo wannan ne saboda kayan jarirai da yawa ta gwanjo suke iso mana, babu kwali, babu takardar bayani. Idan kin ga mai irin wannan siffa, komai arharta ki bar ta.

Kowane irin goyo kika yi, ki tabbatar hanci da baki a buɗe suke, babu ƙyalle a kansu. Yatsanki ya iya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Ɗaurin ya kama shi sosai yadda ba zai zame ya dunƙule a ƙasa ba, bayansa kuma ya samu madogara.

Daga haihuwa zuwa wata huɗu

A wannan lokaci goyon gaba ya fi, domin idonki na kansa. Ki ɗora shi a tsaye a ƙirjinki, cikinsa a jikinki, kansa a saman ƙirji inda da kin sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa goshinsa. Idan ya sauko wajen cibiyarki, ya yi ƙasa, ki kwance ki sake. Idan kin ba shi nono yana cikin goyon, da ya gama ki mayar da shi sama a tsaye, kada ya yi barci fuskarsa a nutse cikin mama.

Bakwaini da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, nasu daban ne. Akwai goyon da ake kira na kangaru, wanda likita Edgar Rey ya fara a birnin Bogota na Kolombiya a 1978: a sa wa jariri nafkin da hula kawai, a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, a ɗaure da zani. Yana riƙe masa ɗumi, yana taimaka wa shan nono, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi tun daga haihuwa. Uba ma yana yi, kaka ma tana yi. Amma ki koye shi a hannun ma'aikatan asibiti, kada ki saka irin wannan jariri a jakar kasuwa, don yawancinsu an yi su ne daga kilo 3.5 zuwa sama.

Na san a gidajenmu ba a jiran wata huɗu kafin a kai yaro baya, wasu da an yi arba'in shi ke nan. Aiki ba ya jira, ban kuma ga laifin kowa ba. In hakan za ki yi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ki samu babba ta riƙe miki kan, zanin ya hau har ƙeya ya tallabe ta ba tare da ya rufe fuska ba, ki riƙa leƙa shi a madubi ko kyamarar waya, kuma kada goyon ya daɗe. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita kafin ta ɗaura komai a ciki.

Ɗaurin zani da majanyi

Zaɓi zanin atamfa na auduga, yadi biyu, wanda ya sha wanki ya yi laushi amma bai mutu ba. Shadda da leshi da duk yadi mai santsi suna warwarewa. Ki ɗaga shi a rana ki duba, in haske na ratsa wani wuri fiye da saura, nan zai yage.

1. Ki sunkuya, bayanki a shimfiɗe, ki kwantar da yaron a kai, hannunki ɗaya bai bar shi ba. Farkon koyo ki yi a bakin katifa.
2. Ki ware ƙafafunsa su rungumi ƙugunki, gwiwoyi sama da ɗuwawu, kamar zaman kwaɗo.
3. Ki yafa zanin, ki ja gefen sama ta ƙarƙashin hammatarki, ki soke shi da ƙarfi a saman ƙirji.
4. Ki tattaro gefen ƙasa ƙarƙashin ɗuwawunsa har bayan gwiwa, ki ja gaba ki ɗaure, tafin ƙafafunsa a waje.
5. Ki kawo majanyi ta ƙarƙashin mazauninsa, ki ƙulla a gaba ƙulli biyu. Majanyi ba ado ba ne, shi ke riƙe yaro ranar da zani ya kwance.
6. Ki miƙe a hankali, ki ɗan girgiza jiki. In ya yi lilo ko ya zame, ki sake ɗauri.

Wannan zaman kwaɗon shi likitocin ƙashi ke so, domin yana zaunar da kan ƙashin cinya cikin gurbinsa a ƙugu. Maganar cewa goyo ke lanƙwasa ƙafar yaro ba ta da tushe. Yawancin jarirai da 'yar lanƙwasa ake haifarsu, tana miƙewa wajen shekara biyu. Wadda ta ƙi miƙewa ko take ƙaruwa, sau da yawa ciwon laushin ƙashi ne, wanda binciken da aka yi a Jos ya danganta da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci. Wannan asibiti za a kai shi.

In jakar zamani za ki saya

Ki duba mazauninta kafin launinta. Ya zama mai faɗi, ya tallabi cinya daga bayan wannan gwiwa zuwa waccan. Mai siririn mazauni da ke barin ƙafafu suna reto ba ta da daɗi ga yaro, ba ta da daɗi ga bayanki. Ki nemi mai ɗamara a ƙugu da maɗaurin kafaɗa masu kauri, ki karanta iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta, galibi kilo 15 ko 20. Ki ɗana kowane maɓalli ki fizge shi, ki bi ɗinki da yatsa. Kada a juya yaro yana kallon waje sai wuyansa ya tsaya sosai, in kuma barci ya ɗauke shi a haka ki juyo da shi. Goyon baya da ita sai ya iya zama da kansa, wajen wata shida.

Daga wata shida zuwa sama

Yanzu an samu sauƙi ta fuskar wuya, ana iya fito masa da hannaye saman zani. Sai dai hannun nan ya yi tsawo. Yaron da ke baya yana kai hannu ga abin da ba kya gani: bakin tukunya, butar shayi, wuƙa a kan kanta. Ki sauke shi kafin suya, kafin sauke tafasasshen ruwa, kafin ki tsaya kan murhu mai hayaƙi. In za ki ɗauki abu a ƙasa, ki durƙusa da gwiwa, kada ki kifa. A ƙofa da lungu ki tuna faɗinki ya ƙaru, kansa yana leƙowa gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne hijabi. Sau nawa muke ganin uwa a titi cikin zafin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ta lulluɓe goyo da dogon hijabi mai kauri, ko ƙafarsa ba a gani? A ciki akwai zafin jikinki, da nasa, da iskar da ya riga ya shaƙa. Ki fito da kansa waje ki sa masa hula mai baki, ko ki riƙe lema. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa, in ta jiƙe sharkaf ki nemi inuwa ki sauke shi ya sha nono. Da hunturu ma kada a haɗa rigar sanyi da tawul da bargo, jikinki kansa riga ce.

A babur, ki tattare zani da hijabi daga taya, ki lura da ƙafarsa kusa da salansa. A adaidaita sahu ki dawo da shi gaba kafin ki shiga, don ƙarfen saman ƙofa daidai kansa yake. A mota ki kwance goyo, kada ki jingina da shi a kujera.

Ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 zuwa 10, ninki uku na nauyin haihuwarsa. Wannan ya fi ƙarfin 'yar shekara shida ko bakwai da ake ɗora wa ƙani, balle in ya fara banƙarewa. In yayarsa za ta goya shi, a cikin gida, babba ta ɗaura mata, idon babba na kansu. Ke ma ki ɗaga goyon sama ya manne da bayanki, ki riƙa sauke shi ya yi rarrafe da tatata, su ne ke gina masa ƙarfi.

Wajen saukewa, ki zauna a bakin gado ko ki durƙusa kan tabarma. Hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawunsa, ki kwance majanyi tukuna, sannan zani, ki zamo da shi ta gefen ƙugunki zuwa cinya. In barci yake, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, ki janye zanin daga kusa da fuskarsa.