Kafin ka kama yaren koɗin, duba na'urarka

Salam 'yan uwa. Wani ƙanena a Gusau ya nace sai Swift zai koya, yaren koɗin da ake yin manhajojin iPhone da shi, wata biyu yana kallon bidiyo, ashe Xcode, manhajar da ake rubuta su a ciki, sai a Mac (kwamfutar Apple) yake aiki, shi ko tsohuwar HP gare shi mai ram 4GB, wallahi abin ya ban tausayi. Don Allah ku fara duba abin da ke hannunku tukuna. Ko Android Studio, da ake yin manhajojin Android da shi, sai da ram 8GB, ga cin data wurin saukewa ga wutarmu da ba ta zama. In shafin intanet na makaranta ko shago za ka riƙa yi ma mutane to kama yaren PHP, kusan duk hostin (wurin da ake ɗora shafi a intanet) mai araha yana ɗauke da shi har da MySQL na adana bayanai. Mai wayar Android kaɗai ya sa manhajar Pydroid 3 ya fara yaren Python yau.