Yadda Ake Gano Tushen Kurakuran Faifai Masu Maimaituwa a Kundin Kenel na Linux

Duk wanda ke kula da kwamfuta mai Linux wadda ba a kashewa, kamar wadda makaranta ke tara sakamakon ɗalibai a kai ko ta shagon buga takardu, wata rana zai duba kundin kenel, wato inda zuciyar Linux ke rubuta abin da ke faruwa tsakaninta da kayan kwamfuta, ya tarar da layuka iri ɗaya sun cika masa allo, suna ambaton ata1.00, da frozen, da hard resetting link. Sau da yawa masu jawo su manhajojin da ke sa ido kan lafiyar faifan ajiya ne, shi ya sa mutane ke gaggawar kashe manhajar su huta. Ni ban yarda da wannan ba sam, domin kafin a rufe bakin mai gadi ya kamata a san ko ɓarawo ya gani ko kuwa tambayarsa ce ba a fahimta ba.

Abin da za a fara dubawa shi ne lokaci, tun kafin a shiga fassara kalmomin kuskuren. A rubuta journalctl -k a tagar umarni, a lura da tazarar da ke tsakanin kuskure da mai bi masa. Manhajar smartd, wadda ke cikin kunshin smartmontools, tana tambayar faifai lafiyarsa duk bayan daƙiƙa 1800, wato minti 30, muddin ba a sauya mata ba, ita kuwa udisks da ke aiki a ƙarƙashin yawancin kwamfutocin tebur tana yin tata tambayar duk minti 10. A bazarar da ta wuce an kira ni wani shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura, mai shagon yana cewa, "Malam, kwamfutar nan takan ƙame na ɗan lokaci sannan ta sake, ka taimaka mana." Da na buɗe kundin sai na ga 10:07, 10:37, 11:07, ba ƙari ba ragi. Faifan da ke mutuwa ba ya bin agogo haka. Abin da ke bin agogo manhaja ce.

Domin tabbatarwa, a dakatar da manhajar na ɗan lokaci da systemctl stop smartd, ko smartmontools idan Debian ce ko Ubuntu, sannan a buɗe taga biyu, ɗaya ta riƙe dmesg -w, a ɗayar kuma a rubuta smartctl -a /dev/sda da hannu, inda /dev/sda ke nufin faifan da ake zargi. Idan kuskuren ya faɗo a daidai wannan lokacin, an kama mai jawo shi. Amma mai jawowa daban, tushen cutar daban, kuma a nan ne ake buƙatar karanta layukan a tsanake.

A nemi layin da ya fara da failed command. Idan aka ga SMART, wato tsarin da faifai ke bayar da rahoton lafiyarsa da shi, kuma layin da ke ƙasa ya nuna cmd b0, to umarnin tambayar lafiya ne kansa ya maƙale, ba karatu ko rubutun bayanai ba. Wannan ya fi faruwa idan faifan ya yi barci domin tattalin wuta aka tashe shi bagatatan, ko kuma idan yana cikin gidan da ake jonawa ta USB. Maganin na farko yana cikin fayil ɗin /etc/smartd.conf: a ƙara -n standby a layin faifan, smartd za ta ƙyale shi idan ta same shi yana barci. Sai dai a kula, duk abin da aka rubuta a ƙasan layin DEVICESCAN, wanda ke sa smartd ta nemo faifai da kanta, ba a karanta shi, don haka a sa layin faifan a samansa, kuma a ambaci faifan da sunansa na cikin /dev/disk/by-id, saboda sda na yau yana iya zama sdb gobe idan aka jona wani abu.

Matsalar USB ta fi ɗaure kai, kuma ita ce ta wancan shagon. A cikin gidan faifan akwai ɗan guntun allo da ke yin tafinta tsakanin USB da SATA, wato mahaɗin faifan kansa, kuma masu arha da yawa ba sa isar da umarnin SMART daidai, sai kenel ya gaji da jira ya sake tayar da na'urar, ya rubuta reset da uas_eh_abort_handler a kundi. A gwada smartctl -d sat -a, idan bai yi ba a gwada -d sat,12, wanda ke aika umarnin a siga mai bayit 12 maimakon 16. Idan har yanzu yana maƙalewa, a samo lambobin na'urar guda biyu da lsusb, a ba kenel usb-storage.quirks da lambobin da harafin u a ƙarshe, wanda zai hana amfani da UAS, wato hanyar sadarwa mai sauri da faifan USB, ga wannan na'urar kaɗai. Gudun zai ɗan ragu, amma ni na fi son faifai mai tafiya a hankali wanda ake iya jin lafiyarsa.

Idan kuwa umarnin da ya faɗi READ FPDMA QUEUED ne ko WRITE FPDMA QUEUED, magana ta sauya, domin bayanai ne suka kasa wucewa. A duba layin error. Kalmar ICRC tana nuna saƙon ya gurɓata a hanya, wato kebul ne ko mahaɗinsa, kuma lamba ta 199 a jadawalin smartctl -A ita ke ƙirga irin wannan. A Katsina wannan ba baƙon abu ba ne, domin ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, ga yawan ɗauke wuta da komawa janareta da ke gajiyar da akwatin wutar kwamfuta. A kashe na'urar, a kaɗe ƙurar, a sauya kebul ɗin SATA, a gwada wata kafar wuta. Lamba ta 199 ba ta komawa sifili ko an gyara, don haka a rubuta adadinta a takarda, a sake dubawa bayan kwana biyu. Abin nema shi ne ta daina hawa.

Kalmar da ya kamata ta hana mutum barci ita ce UNC, ma'ana faifan ya kasa karanta wani gurbi a jikinsa. A nan a duba lamba ta 5, wadda ke ƙirga guraben da aka riga aka musanya, da ta 197 mai ƙirga waɗanda ke jiran hukunci, da ta 198 mai ƙirga waɗanda suka gagara karantuwa. Binciken da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 kan faifai sama da 100,000 ya nuna cewa faifan da ya nuna kuskure karo na farko a binciken da yake yi wa gurabensa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39, sannan sama da kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ta SMART ba ko kaɗan. Saboda haka kalmar PASSED da smartctl -H ke bayarwa ba takardar shaidar lafiya ba ce. Idan ta 197 ta wuce sifili, kada a fara da gwaji. A fara da kwashe bayanai zuwa wani faifan, da manhajar ceto bayanai ta ddrescue idan kwafi na yau da kullum yana tsayawa, domin dogon gwaji yana wahalar da faifan da ya riga ya raunana.

Bayan bayanai sun tsira ne za a rubuta smartctl -t short, wanda ke ɗaukar kimanin minti biyu, sannan -t long, wanda kan ci sa'o'i gwargwadon girman faifan, a karanta sakamakon da smartctl -l selftest. Yana da kyau a yi dogon gwajin a lokacin da ake da tabbacin wuta ko batir, saboda ɗaukewar wuta tana katse shi sai an sake daga farko. Idan ya tsaya da read failure, a sauya faifan. Daga nan a tayar da smartd da systemctl start, a bar kwamfutar ta kwana tana aiki, da safe a sake buɗe journalctl -k a duba mintunan da kuskuren ya saba fitowa.