Yadda ake duba bafil ɗin injin ƙaramin jirgin sama a zafin Legas

Injin Lycoming na Cessna 172 ba shi da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Tana shiga ta ramukan gaba, ta taru a saman inji, sannan ta kutsa ƙasa ta tsakanin haƙarƙarin silinda, wato siraran faifan ƙarfe da ke jikin kowace silindar injin don fitar da zafi. Bafil, wato farantan alminiyom masu roba a baki, su ne ke tare ta kada ta sulale ta gefe. Duk ramin da ta samu, nan za ta bi ta bar silinda da zafinta.

Kafin komai, a tabbata magneto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, a kashe yake kuma inji ya huce. Tun murfin inji na rufe, a haska tocila ta ramukan gaba a dubi bakin robar. Dole ta lanƙwaso ciki, wajen da iska ke taruwa, domin matsin iskar ya manna ta da murfi. Idan ta kife baya, ƙofa ce aka buɗe. A ganina nan aka fi yin sakaci, don sau da yawa garin mayar da murfi cikin gaggawa ake naɗe ta.

Sai a cire murfin a duba cikinsa. Inda roba ke taɓawa akan ga shatar gugarta, inda shatar ta yanke kuwa iska na zurarewa. Robar da ta bushe ko ta tsage a canja ta.

Daga nan a bi farantan ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙananan da ke tsakanin silinda da silinda ta ƙasa. Girgiza na tsaga su, danshin Ikeja da gishirin iskar teku kuma na cin ƙarfe. A leƙa haƙarƙarin da kyau: ƙurar hunturu, sheƙar tsuntsu, har gidan laka na zanzaro duk suna toshe su. Ƙananan ramukan da ke jikin bafil a cike su da jan silikon mai jure zafi.

Bayan gyara, injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya sa hannu, sannan a sa ido kan agogon zafin kan silinda lokacin hawa sama. Jan layi, wato iyakar zafin da ba a so a wuce, a yawancin waɗannan injina digiri 260 ne a ma'aunin Salshiyas, amma mai son injinsa ya daɗe yakan riƙe shi ƙasa da 205. Idan silinda ɗaya ta ci gaba da fin sauran zafi, a koma kan bafil ɗinta.