Yadda ake bin diddigin labarin tarihi mai ban mamaki kafin ka ɗauke shi gaskiya

Na sha ganin masu sha'awar tarihi sabbin shiga, mutum ya ji labarin wata ƙwarƙwarar sarki da ta juya daula ko wata fasaha da wai ta ɓace, jikinsa na rawa ya kwashe shi ɗanye ya fara bazawa, ranar da wani ya ce masa "wa ya faɗa?" sai ya yi tsuru-tsuru. Abin yana damuna sosai, don labaran nan da yawansu akwai gaskiya a ciki, gyara kawai suke buƙata. Ga yadda nake yi.

Da farko matse tambayar taka. Kar ka ce "yaya ƙwaraƙwaran sarakuna suke rayuwa", wannan kogi ne, ba za ka ƙetare ba. Ka ce wane sarki, wace ƙasa, wace shekara. Misali, shin da gaske ne Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya 'yanta ƙwarƙwararsa Hurrem ya aure ta? Kaga wannan tana da amsa: e, ya aure ta wajen 1534, abin da sarakunan gidan suka daɗe ba su yi ba, ta rasu a 1558, kuma ɗanta Salim na biyu ne ya gaji sarauta a 1566. Sannan ka nemi duk sunayen mutum, don ita Hurrem ɗin Turawa Roxelana suke ce mata, in da suna ɗaya ka bincika rabin labarin ya wuce ka.

Mataki na biyu shi ne wanda ya taɓa kayar da ni, shi ya sa zan daɗe a kansa. Samo littafin rubutu da biro, ni ban yarda da yin wannan a waya ba, ka ja layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya ka rubuta shekarar da abin ya faru, ɗaya gefen shekarar da aka fara rubuta shi da sunan wanda ya rubuta. Sai ka ɗebe wannan daga wancan.

Gwada da Wu Zetian ta ƙasar Sin, wadda ta fara a matsayin ƙwarƙwarar Sarki Taizong ta ƙare ita ce sarki sukutum daga 690 zuwa 705. Kowa ya san labarin wai ta shaƙe jaririyarta da hannunta don ta ɗora laifin a kan uwargidan Sarki Gaozong, ɗan Taizong da ya gaje shi ya kuma ɗauke ta. Jaririyar ta rasu a 654. Amma cikakken labarin, da yadda ta lallaɓa ta shiga ɗaki ta ja mayafi ta rufe gawar, yana cikin tarihin gidan sarautar Tang da aka kammala a 1060. Shekara 406 ke nan a tsakani, kuma malaman fada ne suka rubuta, waɗanda a wurinsu mace a kan gadon sarauta babban abin ƙi ne. Wannan bai wanke ta ba fa, ta kashe mutane da yawa kam, amma wanda ya ba ka labarin cikin ɗakin bai leƙa ɗakin ba.

Ni inda na faɗi a kan Cixi ne, ƙwarƙwarar Sarki Xianfeng da ta haifa masa ɗa a 1856, ta riƙe ragamar Sin har ta mutu a 1908. Na karanta wasu labarai na cikin fadarta, na yi lissafina na ga littafin da suka fito 1910 aka buga shi, shekara biyu kacal bayan mutuwarta, ɗaya daga marubutan biyu kuma Bature ne mazaunin Beijin mai jin Sinanci, Edmund Backhouse. Na ce shike nan na samu ganau. Na yi wata da watanni ina ba mutane labarin da ƙarfin gwiwa, har wani dattijo malamin tarihi ya ja ni gefe a hankali ya ce, "ɗana, ka bincika mutumin kuwa?" Na ce a'a Malam. Ashe ginshiƙin littafin wani kundin sirri ne na wani bafade da Backhouse ya ce ya tsinta a gidan bafaden a 1900, kuma kundin nan na jabu ne, masana sun tabbatar. Shi kansa Backhouse masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ya tona asirinsa a 1976, aka ga mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana ƙirƙirar takardu da damfara. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, don na san mutum nawa suka ɗauka daga bakina. Tun daga nan na ƙara layi na uku a shafin: shi wannan marubucin wane ne, me zai samu, an taɓa kama shi da ƙarya? Kusancin shekaru kaɗai ba ya isa.

Kuma a zancen gidan sarauta ka ƙara tambaya ɗaya, shin an bar shi ya shiga? Namiji baƙo ba ya shiga sashen matan fadar Topkapi, fadar su Sarki Sulaiman a Istanbul. Jakadun Venis da suka rubuta labaran Hurrem jiyau ne, daga bakin bayi da fadawa suka tsinta. Zane-zanen nan da kake gani na mata kwance ana musu fifita, masu zanen Turai ne suka yi daga kansu, irin su Ingres na Faransa wanda bai taɓa taka Istanbul ba.

Na uku, in zancen fasaha ne, tsaya ka tantance me ake nufi da "ta ɓace", don kalmar tana rufe abubuwa daban-daban. Wutar Girka, wadda Rumawan Kustantiniyya suka fara harba wa jiragen ruwa wajen 672, tana ci ko a kan ruwa, ita da gaske haɗin ya ɓace, saboda sirrin gwamnati ne da mutane kaɗan suka riƙe har suka tafi da shi, masana dai sun fi zaton ɗanyen man fetur ne tushenta. Takobin Dimashƙa kuwa ƙarfensa daga kudancin Indiya ake kawowa, ana zaton da hanyar ta yanke sana'ar ta bi ta. Na'urar Antikythera ita ba a ma san da ita ba sai da masu nutso suka tsamo ta daga wani jirgi da ya nutse a tekun Girka a 1901, dunƙulen tagulla ne mai tsatsa, a cikinsa faifai masu haƙora 30 da ke lissafin tafiyar rana da wata da husufi, tana nan a gidan tarihi na Atina kowa na iya gani. Sai kuma wadda babu shaidar ta taɓa wanzuwa, kamar gilashi mai lanƙwasa da wai Sarki Tiberius na Rum ya sa aka kashe wanda ya ƙera shi, ko Pliny, marubucin Rum da ya kawo labarin gilashin, bai gamsu da shi ba. In babu abin a hannu, babu bayanin yadda ake yi, to labari ne kawai.

Batun kuɗi, kar ka yi saurin sayen littafi, suna da tsada kuma ba lallai ba ne. Buɗe Wikipedia amma kar ka tsaya a sama, gangara can ƙasa inda aka jera madogara, ka ɗauki sunayen ka nema a Internet Archive, tsofaffin littattafai da yawa kyauta suke. Bidiyo kuwa data kawai zai cinye maka, in mai maganar bai faɗi inda ya samo ba ka wuce.

Sauran ba wuya. Nemo majiya ta biyu wadda ba daga ta farko ta kwafa ba, don shafi goma da suka kwafi mutum ɗaya shaida ɗaya ne. Duk adadin da ka ga ya cika cif, ƙwaraƙwarai 3,000 ko 10,000, ka ɗauka "da yawa" ake nufi. In ka zo bayarwa, raba maganarka: wannan an tabbatar, wannan wane ne ya faɗa a shekara kaza, ka faɗi shekarar da bakinka.