Kurakuran da ake yi wajen sanin wane gari yake wace jiha a Arewa

Da yawa hadda kawai suke yi, mutum zai zubo maka sunayen ƙananan hukumomin Kano 44 ba gargada amma ka tambaye shi jihohin da suka yi iyaka da Kano sai ya fara sosa ƙeya. Huɗu ne fa, Katsina, Jigawa, Bauchi da Kaduna. Kuma saɓanin abin da wasu ke zato, Kano bata da boda da Nijar, tun 1991 da aka cire Jigawa wannan ɓangaren ya tafi da ita, shi yasa Maigatari take Jigawa yanzu. Maganin wannan shine ka bi hanya a kan taswira maimakon jerin sunaye. Ɗauki titin Kano zuwa Maiduguri, ka wuce Wudil ka ratsa Jigawa, ka shiga Bauchi ta Azare, sai Potiskum da Damaturu a Yobe, sannan Borno. Jiha biyar a tafiya ɗaya kuma ba zaka manta ba tunda kowacce ka san wadda ke gabanta da ta bayanta.

Wasu kuma har yanzu da tsohuwar taswira suke aiki a kansu. Funtua ba Kaduna take ba, tun 1987 aka yanke Katsina daga Kaduna ta tafi da ita. Gusau ta bar Sokoto a 1996 da aka ƙirƙiro Zamfara, Gombe ma a shekarar ta fita daga Bauchi. In kana karanta tsohon littafi duba shekarar da aka buga shi tukuna.

Amma inda aka fi shan kashi, kuma gaskiya ban ga laifin mutane ba, shine haɗa masarauta da ƙaramar hukuma da gari, saboda suna ɗaya ne sai ya zama abu uku. Sarkin Katagum a Azare fadarsa take, hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum ma Azare ce, shi kuwa ainihin garin Katagum yana can ƙaramar hukumar Zaki. Haka Sarkin Gwandu, a Birnin Kebbi yake zaune ba garin Gwandu ba, Sarkin Fika kuma a Potiskum. Ko jami'ar ABU da kowa ke cewa Zariya, Samaru a ƙaramar hukumar Sabon Gari take. To duk sanda ka ji suna ka tambayi kanka, wannan sarautar ake nufi ko garin ko lokal gwamen ɗin, sai ka nemo hedikwatar kowanne daban.

Sai sunaye masu kama da juna. Dutse ta Jigawa daban da Dutsin-Ma ta Katsina, akwai Gaya a Kano akwai wata Gaya a jihar Dosso ta Nijar can wajen Kamba ta Kebbi, Nasarawa kuma unguwa ce da ƙaramar hukuma a cikin Kano bayan jihar da hedikwatarta ke Lafiya. Su Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Magaji kam sai dai ka riƙa faɗinsu haɗe da jiharsu, Jigawa, Kaduna, Zamfara, har bakinka ya saba.

Wuraren tarihi da duwatsu ma ana ɗora su a inda ba nan suke ba. Dutsen Zuma kowa Abuja yake cewa saboda hoton da ake ɗauka a hanya, alhali a jihar Neja yake kusa da Suleja. Dam ɗin Kainji ma Neja, na Bakolori Zamfara, na Goronyo Sokoto, na Tiga Kano. Abin da nake ba yara shawara, kowace jiha ka ɗaure mata alama ɗaya da garin da take, rijiyar Kusugu a Daura, dutsen Kufena a Zariya, dutsen Kwatarkwashi a hanyar Gusau, gandun dajin Yankari a Alkaleri ta Bauchi, sannan ka ɗauki farar takarda ka zana jihar da hannunka ko a karkace ne, ka sa ɗigo a wurin, ka rubuta maƙwabtanta a gefe kafin ka buɗe Google Maps ka duba inda ka kauce.