Yadda zaka gane Ceratophyllum, tsiron ƙarƙashin ruwa mara saiwa

Mutane da yawa duk wani kore da suka hango a cikin ruwa sai suce ai gansakuka ce, kuma gaskiya abin yana damuna, domin akwai tsirrai na gaske masu fure a ƙarƙashin ruwan nan. Ɗaya daga ciki shine Ceratophyllum demersum, yana fitowa da kansa a kowace nahiya banda Antatika.

Fara da wurin tukuna. Kar ka wahalar da kanka a rafi mai gudu, nemi tafki ko bakin dam ko kududdufin da baya ƙafewa, inda ruwa ke kwance kuma ƙasan laka ce. Inuwa bata dame shi ba shi yasa har ƙarƙashin ganyen bado zaka same shi, kuma a nutse yake, baya yawo a sama kamar kainuwa.

Sa doguwar sanda ko manjagara ka jawo kaɗan, ka zuba a farin faranti da ɗan ruwa. Abu na farko duba gindinsa, bashi da saiwa ko ɗaya ko da kuwa ka ciro shi daga cikin laka, karan kuma yakan kai mita 1 zuwa 3. Sai ganyen, nan ne aikin yake: sirara ne kamar zare, sun zagaye kowace gaɓa guda 6 zuwa 12, kowanne ya rabu biyu kamar gwafa wani ma ya sake rabuwa, gefensa da 'yan haƙora wanda idan ka shafa zaka ji kaushi, can ƙarshen reshe kuma sun cunkushe kamar jela. Ko ka ɗaga shi daga ruwa baya langaɓewa sosai. Furen kam kar ka dogara dashi, wajen milimita 2 ne kawai.

Tsirrai uku ne masu kama dashi da kan rikita mutum. In ganyen kamar gashin tsuntsu yake kuma akwai saiwa, Myriophyllum ne. In ka murza kaji wari kamar tafarnuwa, Chara ce. In kaga 'yan ƙananan jakunkuna a jikin ganyen to Utricularia ce, da su take kama ƙwarin ruwa.

Idan ka gama ka maida shi inda ka ɗebo, ka wanke sandar da takalminka kafin ka shiga wani ruwan, don ɗan guntun reshe ya isa ya zama sabon tsiro, a Niyu Zilan da aka shigar dashi har tashoshin lantarki na ruwa ya toshe musu.