Yadda ake rainon kalatiya a cikin ɗaki har ta tsallake hunturu

Da magariba, idan ka zauna kusa da tukunyar kalatiya, wata shukar ado mai zanannen ganye, ka yi shiru, wani lokaci za ka ji 'yar ƙara kamar an goga takarda da takarda. Ganyenta ne ke miƙewa. Da rana a shimfiɗe suke suna tarar haske, dare na yi sai su tashi tsaye, bayansu mai launin ruwan zoɓo ya fito fili. A wuyan kowane ganye, inda ya haɗu da sandarsa, akwai wata 'yar gaɓa mai kumburi. Ruwa ne ke shiga yana fita a cikinta, shi ke ɗaga ganyen, shi ke sauke shi. Wannan motsi ne ya sa na kamu da son shukar nan, kuma shi ne alamar farko da nake dubawa: ranar da ta daina tashi da dare, na san akwai abin da ke damunta.

Asalinta dazuzzukan Kudancin Amurka ne, irin su Barazil, Kolombiya, Peru da Bolibiya, inda take tsirowa a ƙasa, ƙarƙashin manyan itatuwa. A can rana ba ta dukanta kai tsaye, iska cike take da laima, ruwan da take sha kuma na sama ne. Danginta ɗaya da faffaɗan ganyen nan da mutanen kudu ke naɗe alale a ciki. A 2012 masana suka mayar da yawancin nau'o'inta ƙarƙashin sunan Goeppertia, amma masu sayar da furanni har yau kalatiya suke cewa. Duk rainonta a ɗaki ƙoƙari ne na kwaikwayon gindin dajin nan, a ƙasar da iskar Janairu ke tsage leɓe.

Na farko: zaɓe

In wannan ne karonka na farko, nemi nau'in da ake kira lancifolia, mai dogon ganye siriri da ɗigo-ɗigon kore mai duhu. Ta fi sauran haƙuri. Makoyana mai zanen gashin ɗawisu ita ma tana da dama. Orbifolia mai faɗin faifai da ornata mai layukan ruwan hoda sun fi ɗaukar ido, sun kuma fi saurin nuna ɓacin rai. Kafin ka biya kuɗi, juya ganyen ka duba bayansa, ka leƙa tsakiyar shukar ko akwai sabon ganye naɗaɗɗe da ke tahowa. Farkon damina ne lokacin saye, don ta samu watanni ta saba da ɗakinka kafin iska ta bushe.

Na biyu: mazauni

Haske take so, ba rana ba. Ajiye ta kamar taku ɗaya ko biyu daga taga mai labule shara-shara. Tagar gabas ta fi, saboda hantsin safe ba ya ƙuna. Masu rubutu daga Turai kan ce tagar arewa ba ta ganin rana, amma a wajenmu daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana kan karkata ta arewa, don haka ka lura da kanka inda haskenta ke sauka. Rana kai tsaye tana koɗar da zanen ganye, ta bar masa tabo kamar ƙunar dutsen guga. Duhu kuma yana hana ta sabon ganye. In za ka iya karanta jarida a wurin da tsakar rana ba tare da kunna fitila ba, ya wadatar.

Ɗumin da ya fi mata daɗi tsakanin digiri 18 ne zuwa 27. Ƙasa da 15 tana wahala, shi ya sa a daren hunturu a garuruwa irin Jos ko Zariya ba a barinta jikin taga. A bazara, lokacin da waje ke haura 40, kai ta ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka sauke ta ƙasa. Kada bakin na'urar sanyaya ɗaki ko iskar fanka ya riƙa dukanta.

Na uku: tukunya da ƙasa

Dole tukunya ta kasance da huda a gindi. Ta roba ta fi ta yumɓu a nan, domin yumɓu yana tsotse ruwa ta jikinsa, kafin ka ankara ƙasar ta bushe. Kuma kada tukunyar ta yi mata yawa. Saiwoyinta ba sa nisa, ƙasar da ba su kai ba sai ta zauna a jiƙe ta jawo ruɓa.

Jar ƙasar tsakar gida ba ta yi, tana daskarewa kamar tubali. Ni ga yadda nake haɗawa: kashi biyu na garin ɓawon kwakwa da aka wanke sosai, kashi ɗaya na takin ganye da ya ruɓe ya zama baƙi, kashi ɗaya na buntun shinkafa ko farin tsakuwar nan marar nauyi da ake kira falayit, sai ɗan dakakken gawayi. Ka damƙi haɗin a hannu yana da danshi: ya dunƙule, amma da ka taɓa shi da yatsa ya warware.

Na huɗu: ruwa, inda mafi yawa ke faɗuwa

Kalatiyata ta farko ruwan rijiyar burtsatse na riƙa ba ta, wanda mu ma shi muke sha. Cikin wata biyu bakin kowane ganye ya yi ruwan ƙasa kamar an bi shi da ashana, wani farin gari kuma ya taru a saman ƙasar da gefen tukunya. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa, saiwoyi suka ruɓe. Sai daga baya na gane farin garin nan gishirin ruwa ne. Shukar da ta tashi da ruwan sama ba ta jure gishiri da sinadaran da ke cikin ruwan famfo da na wasu rijiyoyi. Sukan bi jijiya su taru a bakin ganye su ƙona shi.

To, ruwan sama ne na ɗaya. Da damina ka tara a jarkoki, ka bar na farko ya wanke kwano tukuna, ka rufe ka ajiye a inuwa saboda rani. In ya ƙare, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yana maye gurbinsa, domin laimar iska ce ta koma ruwa, ba gishiri a ciki. Wasu kan ce a bar ruwan famfo ya kwana a buɗe. Wannan yana rage kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, amma gishirin yana nan daram.

Ba a yi mata jadawali. Ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta farko. In ka ji bushewa, zuba ruwa a hankali ta kowane gefe har ya fito ta ƙasa, bayan kamar minti goma ka zubar da wanda ya taru a faranti. In da sauran danshi, ƙyale ta sai gobe. Da bazara wannan zai iya zama duk kwana biyu ko uku, da damina ya kai mako ko fiye. Ruwan firji kuwa kada ya kusance ta.

Ganyen da kansa yana faɗin abin da ake ciki. In ya naɗe kamar tabarma da rana, ƙishi ne ko zafi. In na ƙasa suna yin ɗorawa da yawa a lokaci guda, ƙasa kuma a jiƙe, ruwa ya yi yawa.

Na biyar: laima, musamman da hunturu

Kalatiya tana son laimar iska ta kai kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Da damina Allah ya hutar da kai. Amma da hunturu a Kano ko Sakkwato laima kan sauka ƙasa da kashi 20, kuma a nan ne ake sanin wanda ya iya raino. Feshin ruwa a ganye, wanda kowa ke ba da shawararsa, cikin mintuna yake bushewa. Ban taɓa ganin ya ceci shuka shi kaɗai ba. Abin da ke aiki shi ne na'urar da ke fitar da tururi mai sanyi, in akwai wuta. In babu, haɗa dabaru: tara tukwanen shukarka wuri guda su riƙa yi wa juna numfashi, ɗora su kan faranti mai tsakuwa da ruwa ba tare da gindin tukunya ya taɓa ruwan ba, rufe tagogi, ka girke randa kusa da su. Banɗaki mai taga shi ne mafaka mafi kyau daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙaramar shuka kuma ana iya kifa mata farar leda mai 'yan huji a makonnin da iska ta fi tsanani.

Ƙurar hunturu tana toshe ganye. Duk mako ka sa tsumma mai laushi da ruwa ka goge sama da ƙasa, kana tallafe da ganyen a tafin hannu. A nan ne za ka kama babban maƙiyinta, wani mitsitsin ƙwaro dangin gizo-gizo da ke yaɗuwa a busasshiyar iska. Alamarsa ɗigo-ɗigo fari a saman ganye da siririyar yana a bayansa. Ware shukar, wanke ta da ruwa, sannan ka fesa cokalin shayi ɗaya na man darbejiya da ɗigon sabulun ruwa a lita guda, duk mako har sau uku ko huɗu, saboda ƙwayayen da ke ƙyanƙyashewa daga baya.

Na shida: taki

Kaɗan. Takin ruwa, rabin ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata da damina. Da hunturu a dakata.

Na bakwai: sauya tukunya da rabawa

Bayan shekara ɗaya ko biyu, in saiwoyi sun fara leƙowa ta huda, lokaci ya yi. Kalatiya ba ta kamawa daga yankan ganye ko reshe. Rabawa ake yi. Ka shayar da ita tun ana gobe za ka raba, ka kifa tukunya ka zaro ta gaba ɗaya, ka kakkaɓe ƙasa. Za ka ga gindin ya kasu gida-gida. Raba da yatsu, kowane kaso da saiwarsa da ganye uku ko huɗu, ka dasa daidai zurfin da take a da. Makonni biyu na farko za ta yi laushi, wani ganyen ma ya faɗi. Ajiye ta a inuwa, ka hana ta taki har wata guda. Wata safiya za ka ga wani abu siriri ya ɓullo daga ƙasa, a murɗe kamar takardar laya. Kada ka sa hannu ka buɗe shi. Cikin 'yan kwanaki zai warware da kansa, da zanensa a kammale.